A Cire ko A Gyara? Lacca Kan Ceton Haƙori da Cike Giɓi



Duk likitan haƙorin da ya taɓa aiki a asibitin gwamnati ya san yadda safiyar Litinin take. Benci ya cika, wani ya dafe kunci, wata ta naɗe fuska da gyale, idanu sun yi jawur don rashin barci. Da layi ya zo kan mutum, tun kafin a ce ya buɗe baki ya riga ya yanke hukunci: "Likita, a cire min shi in huta." Ba a ga laifinsa ba, domin wanda ya kwana uku haƙori na sara masa har cikin kunne ba ya neman dogon bayani. Sai dai haƙora da yawa da ake cirewa a irin wannan safiya suna da sauran shekaru a gaba da an ba su dama, kuma mai su bai san cewa cirewar tana da nata kashe kuɗin da ke biyo baya ba.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 na fama da wata cuta ta baki, kuma kimanin biliyan 2 daga cikinsu ruɓewar haƙori ce ke damunsu. Babban mutum haƙora 32 gare shi idan sun cika, yaro kuma 20. Na yaro suna faɗuwa wasu su fito, na babba kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata a san abin da ke ɓata haƙorin. Har yau akwai masu cewa tsutsa ce ke cinsa, kuma wannan zance ya tsufa ƙwarai, don an same shi a rubuce a allunan yumɓu na mutanen Babila. A Turai da Gabas ta Tsakiya masu magani sun daɗe suna turara wa majiyyaci hayaƙin wasu 'ya'yan itace, in zafi ya fasa ƙwayar sai wani farin zare ya fito, su nuna masa su ce ga tsutsar nan ta faɗo. Likitan Faransa Pierre Fauchard ya musanta labarin tsutsa a littafinsa na 1728, amma sai a 1890 wani Ba'amurke mai bincike a Berlin, Willoughby Miller, ya bayyana ainihin abin da ke faruwa: ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin haƙori suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori.

Miyau yana ƙoƙarin wanke asid ɗin ya mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa, amma yana buƙatar lokaci, kamar rabin sa'a ko fiye bayan kowane cin zaƙi. Saboda haka wanda ya shanye kofin shayinsa a zama ɗaya ya fi sauƙin lamari a kan direban da ke kurɓar lemon kwalba daga Kano har Zariya, ko yarinyar da alawa ba ta barin bakinta daga safe zuwa tashi daga makaranta.

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba shi da jijiya, shi ya sa rami ke fara cinsa mutum bai ji komai ba. A ƙarƙashinsa akwai sashe mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba. In rami ya iso nan sai a fara jin tsami idan an sha ruwan sanyi ko an ci zaƙi. Can ciki kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, wanda ya miƙe har ƙarshen saiwa. Irin aikin da likita zai yi ya dogara ne da hawan da ɓarnar ta kai.

Idan ramin bai kai jijiya ba, ciko ya wadatar, kuma aikin zama ɗaya ne. A kashe wurin da allura, a kankare ruɓaɓɓen, a cike. Cikon da aka fi sani a da shi ne mai launin azurfa, amalgam, haɗin azurfa da kuza da jan ƙarfe, kusan rabin nauyinsa kuma zaiba ce. Yana da ƙarko, akwai dattawan da ke ɗauke da shi shekara ashirin ba abin da ya same shi. Amma saboda illar zaiba ga muhalli, ƙasashen duniya sun amince a Yarjejeniyar Minamata ta 2013 su rage amfani da shi, Tarayyar Turai kuma ta hana shi daga farkon 2025, sai in akwai larura. Wanda ke da tsohon cikon azurfa lafiyayye kada ya ruga a cire masa. Kankare shi ba dalili yana cin wani sashe na haƙorin a banza. Yanzu farin ciko ne ya fi yawa, wanda ake shafawa kamar ƙullu a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take. Yana da kyaun gani, amma ba ya son danshi yayin da ake sa shi, don haka ingancinsa na hannun mai aikin ne.

Akwai wani ciko na uku da ya kamata mutanen karkara su san da shi, wanda ake haɗawa da garin gilashi, yana kama haƙori da kansa, yana kuma sakin fulorayid a hankali. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken ya nuna cewa ana iya kankare rami da 'yan kayan hannu kawai a cike shi da irin wannan, ba injin huda, ba wutar lantarki, sau da yawa ma ba allura. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciko cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa a asibiti ba. Ga ƙaramin asibitin ƙauye da ke kwana biyu bai ga wuta ba, wannan hanya ce da za a iya bi da ita gobe da safe in an horar da ma'aikata.

Akwai haƙori ɗaya da iyaye suka fi yin sakaci da shi. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne yaro na da kamar shekara 6, can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Sai uwa ta ga rami a jikinsa ta ce ai na yarinta ne, zai faɗi wani ya fito. Ba wanda zai fito. Kuma shi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tauna har tsufa.

To, idan an bari ramin ya kai jijiya fa? Nan ne ciwon ke sauya kama. Yana tashi da kansa, ya fi tsanani da dare, abu mai zafi na tayar da shi. A nan mutane ke shiga neman sauƙi ta kowace hanya. Kanumfari yana da gaskiyarsa, domin man da ke cikinsa na kwantar da jijiya, likitoci ma suna amfani da shi a cikon wucin gadi. Amma wanda ya danna ƙwayar asfirin a dasashi ƙona naman wurin kawai zai yi, wanda ya ɗiga ruwan batir kuwa ya ƙara wa kansa wani ciwon. Kafson da ake saya a kemis na iya sassauta kumburi na 'yan kwanaki, sai dai ba ya isa cikin haƙorin da jini ya daina shiga, don haka tushen cutar na nan.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne bayan wasu kwanaki ciwon yakan ɗauke ɗif. Mutum ya ce maganin ya yi aiki, alhali jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta sun sami ɗaki ba mai korar su, suna bi ta saiwa su tara mugunya a cikin ƙashi. Wani lokaci ta huda dasashi ta riƙa tsiyaya, wani lokaci ta kumbura fuska. Mafi muni shi ne idan ta fito daga turamen ƙasa ta bazu a ƙarƙashin harshe da wuya har ta matse hanyar numfashi, cutar da wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya siffanta a 1836, kuma har yanzu tana kisa. Duk wanda kumburin haƙori ya kai shi ga kasa buɗe baki ko haɗiyar miyau, ko muryarsa ta sauya, asibiti za a kai shi a daren, ba sai gari ya waye ba.

Haƙorin da jijiyarsa ta ruɓe ba lallai ne a cire shi ba. Ana yi masa wankin saiwa, aikin da ya yi ƙaurin suna ba da haƙƙinsa ba. Likita yakan huda ta saman haƙorin, ya shiga da wasu siraran allurai ya kwashe matacciyar jijiyar, ya wanke hanyoyin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya toshe su da wani ƙaro da ake samu daga itatuwan yankin Malesiya. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe, shi ya sa akan ɗauki hoto kafin a fara da bayan an gama, kuma aikin kan ci zama biyu ko uku. Tun da aka samo allurar lidoken a Suwidin a 1943, raɗaɗin da kakanni ke ba da labari ya zama tarihi. Yawancin zafin da ake jingina wa wannan aiki na ciwon da mutum ya zo da shi ne. Idan an yi shi da kyau, mafi yawan irin waɗannan haƙora suna ci gaba da aiki shekaru masu yawa.

Inda ake samun cikas shi ne bayan zama na farko. Ciwo ya tafi, an sa cikon wucin gadi, sai majiyyaci ya ɓace. Bayan wata shida ya dawo cikon ya fita, haƙorin ya tsage, ya biya kuɗin wanki ya kuma biya na cirewa.

Dalilin tsagewar shi ne haƙorin da aka rarake ya yi rauni, musamman turmi. Don haka akan sa masa hula: a rage shi kaɗan ta kowane gefe, a ɗauki awonsa, a ƙera masa murfi na tangaran ko ƙarfe ko haɗin biyun, a manne. Mutanenmu ba baƙin wannan fasaha ba ne, domin haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi hula ce. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna batun: sun kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, suka halatta wa namiji ɗaure haƙori da zinariya in akwai larura. Likitan Andalus Azzahrawi, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana a littafinsa Attasrif yadda ake ɗaure haƙora masu girgiɗi da zaren zinariya, da yadda ake sassaƙa na ƙashin saniya a maye gurbin wanda ya faɗi. Zinariya ba ta tsatsa a baki, ba ta kuma cinye haƙorin da ke tauna a kanta, likitoci na girmama ta har gobe. Abin da ke damunsu da haƙorin Makka shi ne yadda ake sa shi cikin gaggawa a kan lafiyayyen haƙori, ba awo, bakinsa bai zauna daidai a dasashi ba. Abinci na shiga ƙarƙashi, buroshi da asuwaki ba sa kaiwa, bayan shekaru a cire kwalliyar a tarar da baƙin kututture. Hajiyar da ke da shi tana jin wari ko tana ganin jini a gefensa, ta je a duba.

Akwai kuma haƙorin da lafiyarsa ƙalau, haɗari ne ya fizge shi: faɗuwa daga babur, karo a filin ƙwallo, ko faɗa. Mutane ƙalilan ne suka san ana iya mayar da shi ya kama. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, domin akwai rayayyun ƙwayoyin halitta a jikinta. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan, ba gogewa, ba sabulu, a mayar da shi raminsa a cije kan tsumma mai tsabta. In an kasa, a jefa shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, a garzaya asibiti kafin sa'a guda ta cika. Naɗe shi a takarda ko a bakin zani yana busar da shi ya kashe shi. Likita zai ɗaure shi da maƙwabtansa na kimanin mako biyu. Haƙorin yarinta kaɗai ne ba a mayarwa, don kada a ji wa na dindindin da ke ƙarƙashi rauni.

Duk da haka, akwai haƙorin da ba shi da magani sai cirewa: wanda ya tsage har saiwa, wanda ruɓa ta cinye har ƙasan dasashi, ko wanda ciwon dasashi ya zaizaye ƙashin da ke riƙe da shi. Cirewa a hannun ƙwararre ba ta makantar da ido, ko da na sama ne, duk da jita-jitar da ake yi. Abin kiyayewa shi ne gudan jinin da ke toshe ramin: a cije auduga, kada a kurkure baki ranar, kada a sha sigari, washegari a fara kurkura a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi.

Giɓi kuwa ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙashin muƙamuƙi yana rayuwa ne da aikin da saiwa ke ba shi, in ta tafi sai ya fara janyewa, har yakan rasa kusan rabin faɗinsa a wurin cikin shekarar farko. Haƙoran gefe su karkato, na sama ya zazzago tun da ba abin da ke tare shi, abinci ya sami sababbin wuraren maƙalewa. Wanda ya rasa turame da yawa yakan bar nama da gyaɗa da rake ya koma kunu da tuwo mai laushi, jiki kuma ya nuna.

Hanya mafi araha ta cike giɓi ita ce haƙoran roba na sawa da cirewa. Masu sa su suna jin kunya, alhali shugaban Amurka na farko, George Washington, da haƙori ɗaya tak ya hau mulki a 1789, sauran na hauren dorina ne da haƙoran mutane da ƙarfe. Bayan yaƙin Waterloo na 1815 har haƙoran sojojin da suka mutu aka riƙa cirewa ana sayar wa masu ƙera na attajirai. Robar da ake amfani da ita yanzu ta shigo ne a shekarun 1930. Tana da sharuɗɗa: a cire da dare, a wanke, a ajiye a ruwa, kuma a koma a gyara zamanta in ta fara sako-sako, tun da ƙashin na ci gaba da janyewa. Abin gudu shi ne wanda wasu ke yi a kasuwa, su liƙa haƙorin roba da ƙullun da ke daskarewa a jikin haƙoran gefe, ba ya ciruwa balle a wanke ƙarƙashinsa. Ƙarshensa giɓi ɗaya ya zama uku.

Gada ita ce ta biyu: a sa wa haƙoran da ke gefen giɓin hula, a haɗa su da na ƙarya a tsakiya, a manne gaba ɗaya. Tana zama daram, amma sai an rage haƙora biyu don a maye ɗaya. In dama suna buƙatar hula, riba biyu ke nan. In lafiyayyu ne, abin a yi tunani ne.

Dashe shi ne wanda ake ta yayatawa yanzu, kuma asalinsa tsautsayin bincike ne. A 1952 wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, ya sa wata 'yar na'ura ta ƙarfen titaniyam a ƙafar zomo. Da ya zo cirewa sai ta ƙi fita, ƙashin ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. A 1965 ya dasa irin wannan ƙarfe a muƙamuƙin wani mutum mai suna Gosta Larsson, wanda ya ci abinci da su har ya rasu a 2006. Sai bayan wani taro a Toronto a 1982 sauran likitocin duniya suka karɓi abin hannu biyu. Yadda ake yi shi ne a huda ƙashi a ɗaura ƙusa mai zare, a jira wata uku zuwa shida ta kama, sannan a ɗora mata hula. Ba a taɓa haƙoran gefe, kuma ƙashin wurin ya sami aikin yi.

Sai dai masu tallarsa ba su cika faɗin sauran ba. Kuɗinsa ya ninka na haƙoran roba sau da yawa. Yana buƙatar isasshen ƙashi, wanda ya bar giɓi shekara goma kuwa sau da yawa sai an yi masa ƙarin ƙashi tukuna. Mai shan sigari da mai ciwon sugan da bai daidaita ba sun fi fuskantar faɗuwarsa, ba a kuma yi wa yaron da bai gama girma ba. Ba ya ruɓewa, amma dasashin da ke kewaye da shi na kamuwa da cuta in ba a tsabtace shi. Sannan haƙorin halitta yana rataye ne a cikin ƙashi da wasu siraran zaruruwa masu sassauta nauyin cizo, su ne ke sanar da mutum cewa akwai tsakuwa a shinkafa kafin ya danna. Dashe ba shi da su. Saboda haka likitan kirki ba ya cire haƙorin da wankin saiwa zai iya ceta don ya sayar da dashe.

Ba kuma kowane giɓi ne dole a cike ba. A 1981 wani mai bincike a Holan, Arnd Kayser, ya nuna cewa mutumin da ke da haƙoran gaba da ƙananan turamensa, kimanin guda 20 masu haɗuwa da juna, yana iya tauna yadda ya kamata ko da ya rasa na can ƙurya. Japan ta mayar da wannan adadi manufar ƙasa a 1989, tana neman kowane ɗan shekara 80 ya kai da haƙoransa 20. Dattijon da ya rasa turmi ɗaya na ƙarshe, yana cin tuwonsa da namansa lafiya, ba sai ya sayar da akuya don dashe ba.

Saura tambayar wurin wa za a je. An buɗe makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Najeriya a Jami'ar Legas a 1966, yanzu kuma Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna yaye nasu, ko da yake yawancin likitocin suna birane ne. Manyan asibitocin jihohi da na koyarwa suna da sashen haƙori, kuma kuɗinsu bai kai na masu zaman kansu ba. Wanda ya samu ya zauna a kujerar likita yana da haƙƙin ya nemi a ɗauki hoto a nuna masa inda ramin ya kai, ya tambaya ko haƙorin zai cetu, zama nawa aikin zai ci, nawa ne jimillar kuɗin har da hula, kuma in an cire da me za a cike wurin. Mai juna biyu ta faɗa wa likita watanninta, mai hawan jini ko ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini shi ma ya faɗa tun kafin a ɗauko allura.